Sharhi: Gasar Kamfanonin Tsaron Kwamfuta da Ajiyar Bayanai



A ƙarshen shekarar 2004, kamfanin Symantec na Amurka, mai manhajar Norton da ke farautar ƙwayoyin cutar kwamfuta, ya sanar da cewa zai sayi kamfanin Veritas a kan dala biliyan 13.5. Sana'ar Veritas daban ce. Manhajarsa tana kwafe bayanan bankuna da manyan kamfanoni ta adana su, domin ranar da na'ura ta mutu a dawo da komai. Hujjar shugaban Symantec na lokacin, John Thompson, ita ce mai gadin ƙofa da mai riƙe da mabuɗin rumbu ya kamata su zama 'yan gida ɗaya. Abokan hamayya ma ba su yi barci ba. A 2006 kamfanin EMC, gwarzon ajiyar bayanai, ya sayi RSA Security mai harkar tsaro a kan dala biliyan 2.1.

Haɗin Symantec da Veritas bai yi albarka ba. A farkon 2016 aka sayar da Veritas ga kamfanin zuba jari na Carlyle a kan dala biliyan 7.4, ɗan abin da ya haura rabin kuɗin da aka saye shi. Bayan shekara uku kamfanin Broadcom ya kwashe ɓangaren Symantec mai hulɗa da manyan kamfanoni.

Sai dai kuma lokaci ya gaskata Thompson. Masu kutse sun koma kulle bayanan mutane suna neman kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 harin WannaCry ya sa asibitocin gwamnati a Birtaniya soke ayyukan tiyata. A 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kusan dala miliyan 4.4. Ɓarayin sun gane cewa wanda ke da kwafin ajiya mai kyau ba ya biyan fansa, don haka yanzu kwafin suke fara nema su lalata. Shi ya sa mai sayar da manhajar ajiya a yau bakinsa ba ya rabuwa da maganar tsaro, kuma a ƙarshen 2024 kamfanin Cohesity ya haɗe da ɓangaren Veritas mai kare bayanai.

A gefe guda ga Microsoft, wanda ke cusa manhajarsa ta tsaro mai suna Defender cikin Windows kyauta. Kamfanin tsaro na Kaspersky na Rasha ya kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai a 2017 a kan haka, ya janye bayan Microsoft ya yi gyara. Manya kuwa sai haɗiye matsakaita suke yi: Cisco ya sayi Splunk a kan dala biliyan 28, Google ya ƙulla cinikin Wiz a kan biliyan 32.

To, a nan damuwata take. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa sabuntawa mai kuskure a ciki. Babu ɗan kutse, babu ɓarawo. Amma kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka tsaya cak, a ƙiyasin Microsoft. Allunan filayen jiragen sama suka koma shuɗi fes, ma'aikata a Indiya suka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. Gyaran ma sai da ma'aikaci ya bi na'ura ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da ita ta wata hanya ta musamman, ya goge fayil ɗin da hannunsa. Waɗannan na'urori ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu amfani da Windows ba, amma su ne na asibitoci, da bankuna, da kamfanonin jirage, saboda duk sun ɗunguma wajen mai sayarwa guda.

A ganina, hukumomin da ke duba irin wannan ciniki a Amurka da Turai suna yawan tsayawa a kan farashi. Ya kamata su riƙa tambaya: in wannan kamfani ya yi tuntuɓe da dare, mutum nawa ne za su wayi gari babu magani, babu albashi? Yawan masu gasa a wannan kasuwa wani ɓangare ne na tsaron kansa.

Bankunanmu da ma'aikatunmu ma a wajen waɗannan kamfanoni suke sayayya. Kafin a sa hannu a kwangila, a tabbatar za a iya fitar da bayanai a siffar da manhajar wani kamfani za ta karanta. A ajiye kwafi ɗaya a inda ba ya haɗe da intanet, a hannun wanda ba shi ne ke gadin na'urorin ba, kuma a riƙa gwada dawo da shi lokaci zuwa lokaci, don a san yana aiki.