Kafin a miƙa wa ɗan koyo mabuɗin zuciyar mutane

Babu ɗan kasuwar da zai ɗauki yaro yau, gobe ya danƙa masa mabuɗin shago da littafin bashi ya tafi Kano sarin kaya. Sai yaro ya daɗe yana kallon yadda ake ciniki, ana gyara masa lissafi, ana tsawata masa in ya yi wa mai saye gatsali. Haka tela yake yi, haka makaniki. To, in ana wannan taka-tsantsan a kan atamfa da buhun shinkafa, ina ga zuciyar ɗan Adam?

Maganarmu ta wannan mako a kan ɗaliban da ke karatun masta ne a fannin sanin halayyar ɗan Adam da ba da shawara, waɗanda gobe za a zaunar da su gaban matar da aka kashe mijinta a kan idonta, ko ɗan lise da ƙwaya ta kama. Nijar tana bukatarsu ƙwarai. Tun harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, da kuma dubban ƴan gudun hijirar da suka shigo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, kowa ya ga cewa hatsi da bargo ba su warkar da abin da ido ya gani. Ra'ayinmu kuwa shi ne: kada a ba kowa difiloma a wannan fanni sai ya yi sitaji na gaskiya, mai awowi ƙidayayyu, a ƙarƙashin gwanin da aka san sunansa.

Wasu ƙasashe sun riga sun rubuta wannan. A Amurka, hukumar CACREP, wadda aka kafa a 1981 don tantance makarantun da ke horar da masu ba da shawara, ta kasa koyon gida biyu. Na farko awa 100, a ciki 40 ɗalibi yana gaba da gaba da mai neman taimako. Na biyu awa 600, a ciki 240 gaba da gaba. Kowane mako ɗalibi zai zauna wajen awa ɗaya da mai duba aikinsa, da kuma awa ɗaya da rabi tare da ƴan uwansa ɗalibai ana bitar abin da kowa ya yi. A Faransa, dokar 25 ga Yuli 1985 ta hana mutum kiran kansa masanin halayya ba tare da takardun da suka dace ba, sannan a 2006 aka ƙayyade sitaji na awa 500 a hannun ma'aikacin da ya yi aƙalla shekara 3 a bakin aiki, tare da malamin jami'a.

Mai karatu na iya cewa, duk wannan ƙidaya ta mece ce? Ai magana ce kawai. To, maganar ce aikin. A littafi ba a koyon lokacin da za a yi shiru a bar mutum ya yi kuka, ko yadda za a gane wanda ke shirin halaka kansa alhali bakinsa na cewa lafiya lau. Gwani ne zai saurari yadda zaman ya gudana, ya ce a nan ka katse ta, a nan ka yi mata wa'azi maimakon ka ji ta, wannan kuma ya fi ƙarfinka, tura shi wurin likita. Akwai riƙon sirri, a garuruwan da kowa ya san gidan kowa. Akwai harshe: darasi da Faransanci ake yi, amma kuka da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci ko Fulatanci yake fitowa, kuma a bakin aiki kaɗai ɗalibi zai samo kalmomin da za su shiga kunnen tsohuwar ƙauye.

Ma'aikata sun san abin da sitaji kan zama in babu mai kula. Ɗalibi ya koma ɗan aike, yana kai dosiye yana sayo shayi, ko a jibga masa aikin babba don hannu ya yi ƙaranci, wata uku ya cika a buga masa hatimi. Na farko ɓata lokaci ne, na biyu ganganci ne da rayuwar talaka. Wanzami ba ya son jarfa: wanda ya buga hatimin ba zai kai ƴarsa gaban wannan ɗalibi ba.

Za a ce gwanaye kaɗan ne, kuma babu kuɗi. Mun ji. Amma gwani ɗaya na iya duba ɗalibai da dama a zama guda, kuma waya ta rage nisan Yamai da Damagaram ko Tawa. Batun kuɗi kuwa, dokar Faransa ta 2014 ta tanadi a biya ɗan sitajin da ya wuce wata 2. Ko ba mu kai nan ba, kuɗin mota da masauki wajibi ne, in ba haka ba ɗan mai hali kaɗai zai iya zuwa Difa koyon aiki.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kiwon lafiya, da jami'o'i, da ƙungiyoyin agaji masu karɓar ɗalibai, su tsaya a kan abu 3: yawan awowi a rubuce, sunan gwani a kan yarjejeniya, da lissafa lokacin dubawa cikin aikin da ake biyan gwanin. Kai kuma ma'aikaci, kada ka sa hannu a kan aikin da ba ka gani ba. Kai Alhaji mai biyan kuɗin karatun ɗanka, tambaye shi: mutum nawa ka saurara, kuma wa ya saurare ka bayan nan? In ya rasa amsa, to da sauran karatu.