A Fitar Da Talabijin Daga Ɗakin Yara

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana a nan kudu, daga Agege har Sabon Ibadan, wadda ni dai ban ga alherinta ba. Da zarar mutum ya ɗan samu buɗi ya kama gida mai ɗaki biyu ko uku, sai ya sayo talabijin ya liƙa a ɗakin yara, wai gata ya yi musu. To ni a wurina wannan cuta ce.

Ku zo mu yi lissafi. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kullum, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. A Legas yara da yawa ƙarfe 5 na asuba ake tashinsu saboda cunkoson motoci. Ke nan idan ana so yaro ya samu awa 9, sai ya kwanta ƙarfe 8. Don Allah wane yaro ne zai rufe ido ƙarfe 8, ga katun a gabansa, ga rimot a hannunsa, ƙofa kuma a rufe? Balle idan sai da dare aka kawo wuta.

Akwai kuma maganar haske. Idan duhu ya yi, jiki yana fitar da wani sinadari, melatonin, mai jawo barci, haske da dare kuwa yana rage shi. Washegari sai gyangyaɗi a aji da rigimar banza, mu kuma mu ɗauki bulala mu ce yaro ba ya ji.

Na san abin da wasu za su ce: wai tashoshin Hausa ake kunna musu don kada harshe ya ɓace a ƙasar Yarabawa. Madalla. Amma a kalla a falo tare da iyaye, kafin lokacin kwanciya. Kuma tatsuniya ɗaya daga bakin uwa ta fi fim goma koyar da Hausa.

Wasu kuma za su ce ɗaki ɗaya gare su, babu inda za su kai akwatin. To malam, maganinka ya fi na kowa sauƙi. Idan yara sun kwanta ka kashe, ƙwallon Ingila ba zai gudu ba, gidan kallo yana nan a bakin layi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa 1 a rana. Yaya za ka ƙidaya awa ɗaya kana wani ɗakin kana minshari?

Mun baro gida ne don yaran nan su fi mu. A daren yau a cire soket, a maida talabijin falo, kada kuma a musanya shi da waya a ƙarƙashin bargo. Za su yi kuka na 'yan kwanaki, sannan su saba.