Tsohuwar Kwamfuta da Gaggawar Yi Mata Jana'iza

A makarantu da ofisoshin ƙasar Gwandu, daga Dangoma zuwa Kalgo, akwai hukuncin da ake yankewa ba tare da bincike ba. Da zarar kwamfutar tebur ta ƙi tashi, ko ta fara ɗaukewa ana tsakar aiki, sai a ce ta mutu, a kai ta sito ta jira 'yan gwangwan. A ganina, mafi yawansu suma suka yi, kuma sau da yawa maganinsu bai kai kuɗin motar kai su Birnin Kebbi ba.

Kwamfuta tana faɗin ciwonta ga mai saurare. Idan an kunna ta, kafin Windows ya buɗe, takan binciki sassan jikinta. In babu fitila, fanka ma ba ta juya ba, matsalar ta wuta ce: a duba waya da soket, sannan akwatin da ke raba wuta a cikinta. In kuwa ta yi ta ƙara ƙit-ƙit allo na baƙi, galibi RAM ce ta saki. A cire wuta, a zare ta, a goge bakinta mai ruwan zinariya da abin goge fensir, a mayar da ita ta zauna daram. Akwai kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogon na'urar. Idan ya ƙare, kwanan wata ya koma shekarun baya, ta tsaya tana neman a danna F1, shafukan intanet kuma su ƙi buɗewa. Sauya shi aikin minti biyu ne.

Ɗaukewa ana cikin aiki kuwa, yanayinmu ne ke jawo yawancinta. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar, sannan bazara ta zo a Maris da Afrilu da zafin da ke haura digiri 40. Ƙwaƙwalwar takan kashe kanta don kada ta ƙone. A busa ƙurar, a sabunta man da ke tsakaninta da ƙarfen, a ɗaga akwatin daga ƙasa. Hawa da saukar wutar janareta ma na kumbura ƙananan tuluna masu tara caji a kan babban allon ciki, shi ya sa sitabilaiza da UPS suke cikin kuɗin kwamfuta tun ranar saye.

Wuri ɗaya ne ya cancanci fargaba: faifan ajiya. Idan ya fara ƙas-ƙas, kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma abin farko shi ne kwashe takardu. A nan ne al'adar "a yi mata fomat" take ɓarna. Mai gyaran da ya goge komai kafin ya gano cutar ya hallaka sakamakon ɗalibai da lissafin shekaru, ciwon kuma yana nan. Sabon faifai irin SSD yakan sa tsohuwar na'ura ta yi saurin da ba ta taɓa yi ba.

Masu cewa a sayi sabuwa suna da hujja. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da dama ba su da shi. Ofishin da ke riƙe da kuɗi ko sirrin jama'a dole ya kula da wannan. Amma Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, suna samun gyaran tsaro, suna kuma tafiya a kan tsohuwar na'ura. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron Dangoma da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, wadda ke sito ta ishe shi koyo.

Muna ware kuɗin saye, ba ma ware na kula. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a Kalgo tun 2013, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, cike da ɗaliban kwamfuta masu neman inda za su gwada hannunsu. Shugaban makarantar da ya gayyato biyu daga cikinsu, ya buɗe musu sito na yini ɗaya, zai gane dalilin da ya sa aka ce da tsohuwar zuma ake magani.