Digiri na biyu a sufuri mai ɗorewa: kafin ka nemi biza, ka ƙirga kabu-kabun Illela

Yau ba sabuwar waya zan duba muku ba, wata tambaya ce aka yi mini da ta ƙi fita daga raina.

Wani abokina da muka yi sakandare tare ya turo mini sanarwar wata jami'a a Turai ta WhatsApp. Ana neman ɗaliban digiri na biyu a fannin sufuri mai ɗorewa da tsarin zirga-zirgar jama'a. Shi ya ci gaba da karatu, ya yi digiri a labarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya gama bautar ƙasa. Ni daga sakandare na tsaya, na koyi rubuta manhaja a YouTube da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakina a Darna Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Illela. Ko fom ɗin ba zan iya cikewa ba, don sai mai digirin farko. Duk da haka ya tambaye ni: "Ya kake gani, in nema?"

Na ce ya nema. Amma na gindaya masa sharaɗi, kuma sharaɗin nake son mu tattauna.

Da farko, me ake koyarwa a irin wannan karatu? Ba tuƙi ba ne, ba kuma kanikanci ba. Ana koyar da yadda ake gano su wa ke tafiya, daga ina zuwa ina, da wane abin hawa, ta wace hanya. Waɗannan tambayoyi huɗu su ne tushen lissafin da masana suka ɓullo da shi a biranen Amurka irin su Detroit da Chicago tun shekarun 1950, kuma har yau a kansu ake gina manhajojin hasashen cunkoso. Sai aka ƙara batun ɗorewa, saboda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin da duniya ke fitarwa daga ƙona makamashi daga sufuri yake fitowa. Don haka ake koyar da abubuwa uku: a rage tafiyar da ba dole ba, a mayar da mutane kan bas da jirgin ƙasa da keke, sannan a inganta abin hawan da ya rage, misali a mayar da shi na lantarki. A Ingila, Jami'ar Leeds na da cibiya guda ta nazarin sufuri. A nan gida akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, da ke Zariya tun 1986, wadda ke bayar da kwasa-kwasai daga gajeru har zuwa na bayan digiri. Jami'ar Jihar Legas na da makarantar sufuri, ga kuma sabuwar Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. Wato ba lallai sai an hau jirgi ba.

Ba na cikin masu cewa digiri ɓata lokaci ne, duk da cewa a cikinmu masu koyon kai wannan magana ta zama yayi. Ni na ɗanɗana kuɗar rashin wannan ilimi. Shekarun baya na shafe wata huɗu ina haɗa manhajar kiran kabu-kabu, wato abin da Kanawa ke kira acaɓa, irin tsarin Uber da Bolt. Ta yi kyau a ido, akwai taswira, akwai ɗan babur da ke motsi a kan allo. Na raba ta ga abokai, na zaga wajen masu babura. Bayan mako biyu babu mai buɗe ta sai ni. Yawancin masu kabu-kabun da na yi wa magana ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa. Fasinja kuma in ya fito bakin hanya ya ɗaga hannu, kafin ya sauke babura uku sun tsaya. Na kashe data da barcina wajen magance matsalar da babu ita.

Wani dattijo ɗan kamasho ne ya buɗe mini ido. Na nuna masa manhajar, ya duba, ya miƙo mini wayata ya ce: "Yaro, mutum ai ba ya rasa abin hawa a garin nan. Kaya ke rasawa." Na ce: "Baba, kamar yaya?" Ya nuna mini wani manomi zaune a kan buhunan albasa tun safe yana jiran motar da za ta cika, ya kuma nuna mini wata motar da ta sauke kaya za ta koma wayam. Da na san ana ƙirga tafiye-tafiye kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, da ban yi asarar wata huɗu ba. Wannan kuwa darasin farko ne a irin karatun da abokina ke nema.

To ina sharaɗin? Lissafin nan da za a koya masa ba ya aiki sai an ciyar da shi alƙaluma. A Landan ko Amsterdam ɗalibi zai sauke bayanan kowace bas da kowane jirgin ƙasa yana zaune a ɗakinsa. Ka buɗe Google Maps yanzu ka nemi yadda za ka je Sakkwato daga Illela a motar haya. Zai zana maka titin da ya bi ta Gwadabawa da Kware, tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai. Ba zai gaya maka tashar da za ka je ba, ko kuɗin mota, ko tsawon jiran da za ka yi kafin ta cika. A idon kwamfuta, duk hada-hadar ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, da tirelolin shanu da motocin albasa da amalanken jakuna da kabu-kabun da ke kai-kawo zuwa Konni, babu su. Ɗalibin da ya tafi hannu rabbana zai rubuta kundinsa a kan layin kekuna na wani birnin Turai, don a can alƙaluman suke. Zai dawo da takarda mai kyau, amma ba abin da zai iya gaya wa manomin nan na kan buhu.

Akwai kuma batun abin da kalmar ɗorewa ke nufi a wajenmu. A ajin Turai, yawanci hayaƙi ake nufi. Ba na raina wannan, mu da muke shan zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu. Amma ka duba abin da ya faru da sufurin garin nan cikin 'yan shekaru. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato har da mu. Sai a Disamban 2020 aka buɗe, Illela na cikin iyakoki huɗun farko. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, iyaka ta sake rufewa sai Maris 2024. Yi lissafi da kanka: a ce mai kabu-kabu na ƙona lita 4 a yini. A naira 200, kuɗin mansa 800 ne. A naira 1,000, ya zama 4,000, tun bai sayi abincin gida ba. A nan, sufuri mai ɗorewa shi ne wanda zai ci gaba da motsi ranar da mai ya yi tsada, ranar da aka rufe iyaka, da ranar da wata hanya ta gagari bi saboda 'yan bindiga. Wannan tambaya ce da ta cancanci digiri na biyu, har na uku ma, kuma ba wanda zai yi ta sai ɗan nan.

Na san wasu za su ce amsar a fili take, a koma lantarki. Ina son lantarki. A 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan jihar nan wanda ya yi suna da zanen motar Chevrolet Volt, ke shugabantar hukumar NADDC. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas na fetur zuwa masu batir. A Kigali kamfanin Ampersand na da tashoshin da mai babur zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin mintoci. Duk gaskiya ne. Amma duk wanda wayarsa ta taɓa kumbura a lokacin bazara ya san batirin litiyam ba ya shiri da zafi. Shekara nawa batirin babur zai yi a ranar Illela, ɗauke da buhu biyu, a cikin yashi? Kilomita nawa mai kabu-kabu ke yi a yini? A ina ya kamata a kafa tashar musayar batir, a bakin kasuwa ko a bakin iyaka? Mai kuɗin da zai zuba jari waɗannan zai tambaya, kuma hoton babur mai sheƙi a Facebook ba zai amsa masa ba. Haka batun iskar gas ta CNG da gwamnati ke tallatawa: bututun AKK daga Ajaokuta a Kano zai tsaya, mu sai dai a kawo mana a mota.

Inda nake ganin mu masu waya muna da rawar takawa ke nan. A Nairobi, wajen 2013, ɗaliban Jami'ar Nairobi tare da masu bincike daga MIT da Jami'ar Columbia sun shiga ƙananan bas ɗin haya da ake kira matatu, wayoyinsu na naɗar hanya. Aikin, mai suna Digital Matatus, ya samar da taswirar hanyoyin, kuma a 2015 bayanan suka shiga Google Maps. An yi makamancinsa da motocin tirotiro na Accra. Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. GPS ɗin wayarka ba ya buƙatar data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina kai tsaye. Manhajar OsmAnd za ta naɗi hanyar da ka bi ta adana a fayil. KoboCollect zai ba ka damar cike fom ba tare da intanet ba: ƙarfe nawa ka shiga mota, ƙarfe nawa ta tashi, mutum nawa, buhu nawa, nawa aka biya, naira ko sefa. Taswirar OpenStreetMap kuwa kowa na iya gyara ta, kyauta.

Wani abu da ya ba ni sha'awa a matsayina na mai rubuta manhaja shi ne tsarin GTFS, wanda manhajojin taswira ke karanta bayanan motocin haya da shi. Fayilolin rubutu ne kawai, ɗaya na tashoshi, ɗaya na hanyoyi, ɗaya na lokuta. Google da hukumar sufurin birnin Portland suka fara shi a 2005, don haka ya ɗauka kowace mota na da jadawali. Motarmu kuwa ba ta san ƙarfe bakwai da rabi ba, cika ta sani. 'Yan Nairobi ma sai da suka yi wa tsarin kwaskwarima. Yadda za a koya wa kwamfuta hasashen lokacin da mota za ta cika, a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da damina da rani, aiki ne da ke buƙatar mai digirin da ya san lissafi da kuma irina da ya san yadda ake sa manhaja ta yi aiki a wayar naira dubu arba'in. Shi kaɗai ba zai iya ba, ni kaɗai na gwada kun ji yadda ta kaya.

Sai dai a yi hattara, kuma wannan ba wasa ba ne. Garin iyaka ba Nairobi ba ne. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto a shingen jami'an tsaro. Ka fara neman izinin shugabannin tasha, ka bayyana musu abin da kake yi, in ba haka ba za a ɗauke ka ɗan leƙen asiri ko mai shirin ƙaro haraji. Kuma ba kowane bayani ake sakawa a intanet ba. Taswirar da ta nuna lokacin da 'yan kasuwar shanu ke komawa gida da kuɗi, da hanyar da suke bi, kyauta ce ka miƙa wa ɓarayin daji. A wallafa tashoshi da farashi da manyan hanyoyi, a ɓoye sunaye da lambobi da sawun kowane mutum. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hau kan duk mai tattara bayanan mutane.

Abin da ya sa nake ganin lokaci ya matse shi ne manyan ayyuka sun riga sun taso. A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da babban titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, kuma daga Illela ya faro. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, an aza harsashinsa tun Fabrairun 2021. In an gama su, hanyar da kaya ke bi tsakanin Najeriya da Nijar za ta sauya. Ko Illela za ta zama matattara, ko ta zama garin da tireloli ke wucewa da gudu suna bar mana ƙura, ya danganta da inda aka sa tasha, da mahaɗar hanya, da wurin tsallakawar masu ƙafa da dabbobi. Injiniyoyi da alƙaluma suke yanke irin wannan shawara, kuma wanda ba a ƙirga ba ba a yi masa tanadi.

Don haka na ce wa abokina ya cike fom ɗin, ya nemi na Zariya ma, ya gwada tallafin Chevening in ya cika shekara biyu na aiki da suke buƙata. Amma kafin ya rubuta wasiƙar neman gurbi, ya ba ni Lahadi shida. Mun yi biyu. Shi yana tsayawa a tashar Sakkwato da fom a wayarsa, ni ina bin motocin ƙauyuka ina naɗar hanya. A ta biyun wayata ta kama layin Nijar ta cinye mini kati, fayil ɗaya kuma ya ɓace saboda zafi ya kashe wayar. Na sayo fawa banki da littafin rubutu mai ganye sittin saboda ta uku.