Rashin Barci na Cin Ƙwaƙwalwa a Sabon Birni da Isa

Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, magidanta da yawa a ƙauyukan Sabon Birni da Isa kan kwana ido biyu, kunne na jiran ƙarar babur. Likitoci sun tabbatar cewa doguwar fargaba da ƙarancin barci suna kawo mantuwa, saurin fushi da hawan jini.

Ban da rashin barci, wasu matasan yankin kan haɗiyi ƙwayar tiramol don jure wahalar noma, alhali yawan shanta na jawo farfaɗiya.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, tafiya mai nisa daga Sabon Birni da Isa. Wajibi ne gwamnatin jiha ta horar da ma'aikatan asibitocin yankin su riƙa tambayar majinyaci yadda yake barci, su auna jininsa, su tura mai buƙata Kware da wuri.