Wa Ke Zaɓa Wa Buhun Gyaɗa Hanya?

Manomin Gangara ya san kuɗin mota a jikin buhunsa yake fita. In hanya ta yi nisa, ɗan kasuwa ba ya asara, sai ya rage abin da zai biya a bakin sikeli. Saboda haka ya kamata manoma su san yadda aka taɓa yi da gyaɗar 'yan'uwansu na Maraɗi da Tsibiri.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗar Maraɗi Kano take bi zuwa Ikko, gama tafiyar mota ba ta kai kilomita 300 ba. To, Faransa ba ta so kuɗin dako ya faɗa aljihun Ingilishi ba. A 1953 sai ta ɓullo da wani shiri mai suna Hirondelle, watau tsattsewa. Manyan motoci suka riƙa kwasar gyaɗa kusan kilomita 1,000 zuwa Faraku a ƙasar Dahome, inda jirgi ke sauka da ita Kwatano, su kuma komo da kayan kanti. Aka kafa asusu na cike giɓin kuɗin dako.

An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma wannan ba don lafiyar manomi aka zaɓe ta ba. Reluwen Dahome ya sami kaya, kamfanonin Faransa suka sami ciniki, injinan mai na Marsel suka sami gyaɗa. Gaskiya ne Faransa tana biyan kuɗi fiye da na kasuwar duniya, manomi ya ɗanɗana. Amma da ta daidaita dokarta da ta ƙungiyar kasuwar Turai, wajen 1967 ta janye wannan ƙari. Kuɗi ya faɗi, fari ya biyo baya, gyaɗa ta durƙushe. Bargon aro ba ya raba mutum da sanyi har abada.

Abin bai tsaya ga Turawa ba. Da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 don kare shinkafar gida, masu wake da dabbobi na bakin iyaka sun ji a jikinsu.

A 2021 aka aza harsashin reluwen Kano zuwa Maraɗi. Madalla. Amma kafin a yanka kuɗin dako, a zauna da manoma da fatake, kada a bar wa manyan kamfanoni su kaɗai. A kuma gyara hanyoyin Sabon Birni da Isa, a tsare su, don jirgi ba ya shiga gona. Allah ya ba da damina mai albarka.