Zancen Wannan Wata: Tsohon Kafinta Mai Shekara 100

 

A wannan wata za mu tuna da wani tsoho da ya rasu ran 29 ga Disamba 2024, yana da shekara 100. Ba ɗan ƙasarmu ba ne. Sunansa Jimi Karta, mutumin Amurka. Wani zai ce: mi ya haɗa mu da shi? Ku yi haƙuri ku ji. Wanda ya taɓa kwana da kurkunu a ƙafa zai gane.

An haife shi a 1924 a wani ɗan ƙaramin gari, Filens, cikin jihar Jojiya. Ɗan manomi ne. Gidan da ya tashi ba lantarki, ba famfo, sai da ya yi wayo aka sa su. Tun yana yaro yake tallan dafaffiyar gyaɗa, wato gujiya, a bakin hanya, kamar yadda ɗiyanmu suke yi a tasha.

Da ya girma ya shiga makarantar sojan ruwa, ya fito hafsa a 1946. A shekarar nan ya auri Rozalin, ɗiyar garinsu. Mu da ba mu da teku, aikin nan yana da wuyar ganewa. An sa shi cikin wani irin jirgin yaƙi da yake nutsewa ya yi tafiya ƙarƙashin ruwa, mutane na ciki, kwana da kwanaki ba su ganin rana. Yana ta samun girma a soja, sai mahaifinsa ya rasu a 1953. Ya tuɓe kaki, ya koma gida ya riƙe gona da cinikin gyaɗa. Matarsa ba ta so komawar nan ba ko kaɗan. Ga shi kuma shekarar farko aka yi fari. Ribar da ya samu ba ta kai dalar Amurka 200 ba. Kun ga ashe fari ba mu kaɗai ya sani ba.

Daga baya ya shiga siyasa. Ya yi gwamnan jiharsu, ya kuma shugabanci Amurka daga 1977 zuwa 1981. Shi ya sasanta Masar da Isra'ila a 1978. Amma mulkinsa bai yi wa mutanensa daɗi sosai ba. Kaya sun yi tsada, an kuma tsare Amurkawa a Iran. Da aka sake zaɓe a 1980, sai ya faɗi.

To, a nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. Da zai sauka, ma'aikatansa suka yi masa kyautar kayan kafinta. Ya koma Filens, gidansa na da, ya buɗe wurin aikin katako. Zarto, guduma, ƙusa, su ne abokan hirarsa. Ya ƙera kujeru da tebura. Gadon da yake kwana da matarsa ma aikin hannunsa ne. Tun daga 1984, kowace shekara shi da Rozalin sukan ba da kwanaki suna taya gina wa talakawa gidaje, ba a biyansu ko tamma. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida ya fasa goshi, aka yi masa ɗinki 14. Bai fasa ba. Aka gan shi wurin gini, ido a kumbure, yana aiki.

Ni dai na san samari a karkararmu da suka yi shekara biyar a lakwal, yanzu sun fi ƙarfin hauya da gizago. In ka ce su gyara ƙofar rumbu, sai su ce ba aikinsu ba ne. Ban ce kowa ba, amma akwai su.

Yanzu ga abin da ya haɗa mu da shi. A 1986 cibiyar da ya kafa ta ɗaura yaƙi da kurkunu. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ciwon ke kamawa a shekara, cikin ƙasashe 21 na Afirka da Asiya, har da Nijar. Dattawa sun san shi. Mutum ya sha ruwan tabki mai ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai. Bayan kamar shekara guda, ƙafa ta yi bororo, tsutsa ta fara fitowa, tsawonta har ya kai mita. Kuma sai da damina, lokacin noma, yake kwantar da magidanci. Gona ta cika da haki, mai ita na kwance yana naɗe kurkunu a tsinke.

Ciwon nan ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Abin da aka yi shi ne: a tace ruwa da ƙyalle kafin a sha, mai ciwo kada ya sa ƙafa cikin tabki, a haƙa rijiyoyi masu kyau. Masu yawo da bisashe aka ba su ɗan bututu mai matata, su rataya a wuya, su sha ruwa da shi a daji. Ba Karta kaɗai ya yi aikin ba. Ma'aikatan lafiya da mutanen ƙauyuka, musamman mata masu ɗebo ruwa, su suka ɗauki nauyin. Amma shi ne ya bi shugabanni da masu kuɗi yana tuna musu ciwon da ba ya kama mutanen birni. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu.

Shi da Rozalin sun yi shekara 77 da aure, har ta rasu a 2023. Sun haifi ɗiya huɗu, maza uku da mace ɗaya, ga jikoki da tattaɓa kunne. An binne shi kusa da ita, a filin gidansu na Filens.

Ya taɓa cewa burinsa shi ne kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Allah bai nufa ba, amma saura ƙiris. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu da ciwon a duniya duka, yawancinsu a Cadi, maƙwabciyarmu, inda har karnuka yake kamawa. Saboda haka masu kai bisashe gabas, wajen iyaka, kada ku yar da ƙyallen tace ruwa tukuna.